Littafin Aikin Bidiyo: Daga Rajab Zuwa Ƙaramar Salla

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi. Niyyata in riƙa rubuta duk riyal da ya fita da duk wanda ya shigo, daga yau har ƙaramar Salla, don kada lissafin baki ya ruɗe ni.

Aikin shi ne haɗa wa masu shaguna gajeren bidiyo, na sakan 20 zuwa 40. Su aiko da kaya, in ɗauka a gida, in ɗora murya, in miƙa musu, su sa a nasu shafin na TikTok ko Snapchat ko Instagram. Ba ni da mabiya, kuma aikin bai nemi mabiya ba. Hannu ake saye, da murya, da iya ɗauka. Fuskata ba za ta fito ba. Umma ce ta fara faɗin wannan sharaɗi, amma da ma shi ne a raina.

A nan Jidda aka haife ni. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano a ƙasa, ya yi shekaru yana aikin auduga a Sudan kafin ya tsallako teku daga Sawakin. A cikin gida Hausa muke yi, da mun fita ƙofa sai Larabci. Na gama jami'a, shekara ɗaya da rabi ke nan ina jiran aiki, ina ɗan yi wa amare lalle. Daga kuɗin lallen na ware riyal 300, shi ne jarina.

Sayayyar yau: ƙafar ɗora waya, riyal 49. Ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga, 89. Kwali fari da baƙi daga shagon littattafai, 18. Jimla 156.

Talata, 7 ga Janairu

Yaya ya zaunar da ni bayan isha'i. Ya ce, "Auta, kafin ki taɓa kayan kowa, kin san maganar Mawthooq?" Na sani sama-sama, sai muka zauna muka karanta tare. Lasisi ne da aka fara aiki da shi a Oktoban 2022, na duk mutumin da zai riƙa tallata kaya a shafukansa na sada zumunta. Kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku. Ni da jarin 300, wannan ba maganar yanzu ba ce. Saboda haka na yanke: ba zan ɗora tallan kowa a shafina ba, ko na ƙawa ne, ko kyauta ne. Nawa in haɗa in miƙa wa mai kaya.

Abin da zan nema shi ne takardar sana'ar kai da kai ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ake cewa wasiƙatul amalil hurr. Kyauta ce, shekara ɗaya take yi a sabunta, kuma 'yan ƙasa ake ba. Ina rubuta wannan ne da tunanin 'yan uwanmu masu iƙama, wato takardar zaman baƙo a ƙasar nan, don sun fi mu yawa a unguwa, kuma da yawansu sun fi ni iya waya. Tun 2022 hukuma ta sanar cewa baƙo, mazauni ne ko mai ziyara, ba ya talla a shafukan nan ba tare da izini ba. Wanda zai bi sawuna ya fara duba takardunsa, kada riyal ɗari ya ja masa abin da zai raba shi da iyalinsa.

Asabar, 11 ga Janairu

Gwaji da kayan gida. Butar gahawar Umma, kwalbar turarena, farantin dabino. Bidiyo uku, babu wanda zan iya nuna wa kowa tukuna.

Talata, 14 ga Janairu

Kwana uku ina fama da abu ɗaya. Duk abin da na ɗauka da dare a falo, sai in ga hasken yana rawa, wasu layuka masu duhu suna gangarowa kan farin kwalin. Na goge gilashin kamara, na canza kwan fitila, har na fara zargin wayar ta lalace, na kwana ina tunanin kuɗin gyara.

Ashe laifin saiti ne. Wani darasi da na kalla, mai koyarwar a Ingila yake, ya ce a sa kamara ta ɗauki hoto 25 a sakan, ni kuma na bi. A can wutarsu tana bugawa sau 50 a sakan, shi ya sa 25 ya dace da su. Wutar Saudiyya sau 60 take bugawa, don haka 30 ko 60 ne namu. Ina mayarwa 30 layukan suka ɓace kamar ba a yi ba. Na daɗe zaune ina kallon farin kwalin nan fes, daɗi ya cika ni.

Duk da haka hasken taga ya fi. Tagar ɗakin Umma tana kallon gabas, daga ƙarfe takwas zuwa goma na safe haske yana shigowa ta labule da taushi. Ta yarda in riƙa aiki a nan idan ta idar da walaha.

Murya kuma ƙarar na'urar sanyi ce ke cinye ta. Idan na kashe, sai ƙarar titi. Yanzu cikin durowar kaya nake sa kaina, tsakanin abayoyi, in yi magana. Tufafi suna shanye amsa-kuwwa, muryar ta fito a cike.

Lahadi, 19 ga Janairu

Takardar sana'a ta fito. Na kammala bidiyon gwaji huɗu da nake jin zan iya nunawa, duka da Larabci.

Asabar, 25 ga Janairu

Tun Litinin nake aika saƙo. Na bi ƙananan shagunan da ke sayarwa ta manhajojin buɗe shago a intanet masu suna Salla da Zid, masu turare da kayan shayi da man gashi, na zaɓi waɗanda hotunansu ba su kai kayansu kyau ba. Shago 30 na rubuta wa. Huɗu suka amsa. Biyu sun tambayi yawan mabiyana, da na yi bayani ba su sake magana ba. Ɗaya ta ce sai bayan azumi. Ta huɗun, mai turaren wuta a Riyad, ta ce za ta aiko da kwalba biyu, in yi bidiyo, turaren ya zama ladana.

Na karɓa. Ina bukatar aikin da zan ce na wani shago ne na gaske. Amma na yi wa kaina alkawari sau ɗaya ne, don turare ba ya biyan kuɗin intanet.

Laraba, 29 ga Janairu

Mandub, wato mai kai saƙo gida, ya kawo turaren jiya. Hayaƙi ba ya fitowa a kan farin kwali, wannan na gane bayan na ƙone gawayi huɗu. Sai da na sa baƙin kwalin a baya, na juya kaskon yadda hasken taga zai bugi hayaƙin ta gefe da baya, sannan ya fito yana murɗawa. Na bar ƙarar gawayi lokacin da turaren ya sauka a kansa, ban sa kiɗa ba. Da ma shafin kasuwanci a TikTok ba kowane kiɗa aka yarda ya ɗauka ba, kuma yawancin masu shagunan nan ba sa so.

Kuskure ɗaya: na rubuta sunan turaren can ƙasa, sai rubutun manhajar ya rufe shi. Na ɗaga shi zuwa tsakiya, na kauce wa gefen dama inda maɓallai suke. Matar ta yi murna, ta ce lallen hannuna ya ƙara wa abin kyau.

Gawayi da dabinon gwaji, riyal 25. Fitila mai zobe don ranakun da rana ta wuce ni, 75. Abin da ya fita zuwa yau: 256.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Na kwana biyu ban rubuta ba, saboda raina a ɓace yake. Bari in rubuta shi dalla-dalla don kada in manta yadda aka yi.

Ranar 2 ga wata wani shagon kayan gahawa ya tuntuɓe ni, sun ga na turaren. Muka yi ciniki a riyal 200, bidiyo ɗaya. Duk da saƙon murya muka yi maganar, babu abin da aka rubuta. Ban nemi kafin alƙalami ba, don ina jin nauyin in tambaya, kada su ce yarinyar nan daga farawa sai kuɗi. Na ɗauki yini guda ina ɗauka. Na dafa gahawa sau uku don in samu launin da ya dace lokacin da take zuba cikin finjali. Na tura. Suka ce a canza farkon. Na canza. Suka ce muryar ta yi sanyi, a sake. Na sake. Suka ce a ƙara hoton kwalin daga sama, wanda ke nufin sabuwar ɗauka gaba ɗaya. Na yi. Kowane karo cikakken bidiyon nake turawa, mai kyau, babu wata alama a kansa.

Daga ranar Alhamis shiru. Na yi sallama sau biyu, an karanta ba a amsa ba. Jiya da dare ƙawata ta turo mini da shi, ta ce, "Wannan ba hannunki ba ne?" Yana shafinsu tun Juma'a.

Na yi kuka, ba don 200 kaɗai ba. Muryata ce a can tana kiran mutane su saya daga wurin wanda ya cinye mini haƙƙi. Yaya ya so ya kira su da kansa, na ce ya bari. Na rubuta musu saƙo ɗaya cikin ladabi, na faɗi abin da muka yi, da ranar, da lambar asusuna. Umma ta ce, "Ki bar su da Allah, amma ki gyara ƙofar da suka shigo ta ciki."

Ga gyaran. Daga yau, ciniki a rubuce. Rabin kuɗi kafin in kunna kamara. Gyara sau ɗaya kyauta, na biyu da kuɗi. Abin da zan tura a duba zai zo da sunana a rubuce a tsakiyar hoton, sai an cika kuɗi in tura wanda babu. Kuma cikakken zan riƙa tura shi a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau idan aka tura shi kai tsaye.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwaggo ta sauka daga Kano ranar Lahadi, ta yi umra, yanzu tana wurinmu kwana biyar. Jiya na raka ta kasuwar Bab Makka a nan Jidda sayen tsaraba. Da ƙyar na fita, don ba ni da walwala.

A wani shagon dabino, mai shagon dattijo ne, yana ganin atamfarta a ƙarƙashin hijabi ya fara, "Hajiya, zo, zo, araha!" Nan Hausarsa ta ƙare. Gwaggo tana nuna wani baƙin dabino tana cewa Ajwa take so, shi yana ƙoƙarin gaya mata wannan Safawi ne, Ajwa ga shi can, ba su fahimci juna ba. Na shiga tsakani. Kafin in gama, wasu mata uku 'yan Damagaram sun matso suna tambayata wanne ne zai kai gida bai lalace ba. Na tsaya kusan rabin awa ina fassara. Duka suka saya.

Wata shida ina kallon yadda 'yan matan Riyad ke yin bidiyo ina kwaikwayon lafazinsu. Su dubbai ne, kuma sun riga ni. Ga mutanenmu nan suna sauka Jidda da Madina kullum daga Najeriya da Nijar da Gana, kowa da jerin sunayen waɗanda zai kai wa tsaraba, ba mai yi musu bayani da harshensu. Abin yana bakina tun ina goye, ban taɓa lissafa shi cikin jari ba.

Na ce wa dattijon, "Ya ammi, in yi maka bidiyo da harshen mutanen nan?" Ya kira ɗansa, shi ke riƙe da shafin shagon. Riyal 150. Na rubuta sharuɗɗan a waya a gabansa, ya karanta, ya tura mini 75 nan take. Hannuna yana rawa lokacin da saƙon banki ya shigo.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Na rubuta abin da zan faɗa, na karanta wa Gwaggo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗiyata, muryarki da daɗi, amma wannan Hausar ta gidanku ce." Na ce sug maimakon kasuwa, na ce fulus, na ce hadiyya. A kunnena duk Hausa ce, haka na taso ina ji a bakin Umma. Ta ce kalmar da zan fara da ita tsaraba ce, don ita ce ke hana alhaji barci a daren ƙarshe. Ta kuma hana ni cewa "ku saya". Ta ce mai kaya na ƙwarai cewa yake a zo a ɗanɗana.

Sai muka fara da, "Hajiya, an gama ɗawafi, saura tsaraba." Daga nan hannuna ya ɗauki ƙwaya biyu ya jera a farin faranti. Ajwa gajere ne, kusan zagaye, da siraran layuka a fatarsa. Safawi ya fi shi tsawo da sheƙi, kuma ya fi araha. Duka na Madina ne, duka baƙaƙe ne, shi ya sa baƙo ke rikita su. Na tsaga kowanne a gaban kamara.

Farashi ban sa a murya ba. Ɗan mai shagon ya so in faɗa da naira, Gwaggo ta ce kafin bidiyon ya yi sati canji ya motsa, a ce na yi ƙarya. Kuma ko kalmar jaka, a Kano naira 200 ce, a Nijar sefa 1,000. Riyal kawai na rubuta a kan hoto, wanda za a iya sauyawa cikin minti biyu.

Sau goma sha ɗaya na shiga durowa kafin Gwaggo ta ce ya yi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An cika sauran 75. Riyal 150, kuɗin farko da bidiyo ya kawo mini, kwana 42 da buɗe littafin nan. Na ba Umma 50 ta sa albarka, ta mayar mini da shi ta ce in ƙara a jari. Na saya wa Gwaggo kilo ɗaya na dabinon Mabrum daga aljihun lalle, ba ya cikin wannan lissafi.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Jiya hutun Ranar Kafuwar ƙasa, kasuwa ta cika. Ɗan mai dabino ya kira da dare. A shafinsu bidiyon bai yi wani tashe ba, amma mutane suna shigowa shago da shi a wayarsu, an turo musu ta WhatsApp daga rukunin matafiya. Wata ta nuna masa ta ce irin na farantin nan take so. Yana son uku kafin azumi. Na ce 600, ya taya 450, muka tsaya a 500. Ya ba da 250.

Na ɗaya, dabinon da ke jure tafiya: Mabrum da Safawi da busasshen Sukkari. Sukkari mai laushi na yankin Ƙasim sai da firji, in ya kwana biyu a jaka cikin zafi ya fara tsami, gara a ci shi a nan. Na biyu, yadda ake ɗaure kwali don awon filin jirgi. Na uku, Ajwa shi kaɗai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na ukun ya kawo saɓani. Ya turo rubutu yana so in ce Ajwa yana maganin ciwon suga da hawan jini. Ya ce kowa haka yake faɗa a kasuwa, kuma mutanenku suna son jin haka.

Kalmar "mutanenku" ce ta tsaya mini. Gaskiya ne, idan suka ji da Hausa, daga bakin 'yar gida, za su yarda fiye da yadda za su yarda da allon shago. Abin da yake biya ke nan. To wata tsohuwa mai suga a Gusau ko Maraɗi ta ji muryata ta zauna ta cinye rabin kilo, ko ta ajiye maganin asibiti, wa zai amsa wannan? Na ce masa ba zan faɗa ba, kuma hukumar abinci da magunguna ta ƙasar nan ba ta yarda a jingina wa abinci warkar da cuta a talla ba, shi ma kariya ce gare shi. Na ce idan bai yarda ba in mayar masa da kuɗin na ukun.

Sai ya ce to a sa hadisin cin ƙwaya bakwai na Ajwa da safe. Hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. Na tambayi Umma. Ta ce wanda ya zo neman Ajwa ya riga ya san shi, kuma ita ba ta son a sa maganar Manzon Allah (SAW) a jere da farashin kilo. Na bi ta Umma. Na faɗi inda ake noma shi, da yadda ake gane shi, da yadda ake ajiye shi.

Ya yi shiru yini ɗaya. Na ɗauka aikin ya tafi, na fara lissafin abin da zan mayar. Yau da yamma mahaifinsa ya karɓi wayar da kansa ya ce, "Ya binti, yi yadda kika gani."

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An ga wata, gobe azumi. Na miƙa ukun, an cika 250. Abin da ya shigo: 650.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya juya mini jadawali. Ɗauka da safe bayan na ɗan runtsa, murya kuma sai bayan tarawihi, don da rana maƙogwaro a bushe yake, ana ji a makirfo. Masu shaguna ba sa amsa saƙo sai wajen sha ɗayan dare.

Talata, 11 ga Maris

Wata Hajiya mai shagon abaya a Makka, ita ma jikar Hausawa ce, ta samu lambata daga mai dabino. Bidiyo biyu, 250 kowanne, amma a shagonta za a ɗauka. Yaya ya kai ni daren Lahadi bayan tarawihi. Na sa masa man riyal 50, da ƙyar ya karɓa.

Ba a taɓa ba ni wahala irin ta baƙin yadi ba. Kamara tana ganin baƙi sai ta ƙara haske da kanta, abayar ta koma toka-toka, aikin duwatsun ya ɓace. Sai na danna na kulle hasken, na rage shi da yatsa, na sa fitilar zobe daga gefe don zaren ya fito. Ana cikin haka wayar ta yi zafi, ta ce wuri ya cika. Na tsaya a tsakiyar shago ina share tsofaffin abubuwa cikin sauri, mutane suna jira. A nan na share ɗaukar farko ta daren, wadda hannun Hajiya ke shafa bakin hannun rigar, ita ce ta fi kyau, kuma na share ta har daga kwandon shara don wurin ya samu. Sai a mota na lura.

Na gaya mata gaskiya washegari. Ta aiko da abayar gida ta hannun mandub, na sake ɗauka a tagar Umma da nawa hannun. Ya yi, amma bai kai wancan ba, ni na sani.

Filashin ajiye bidiyo mai shiga waya, riyal 60. Yanzu duk daren da na yi ɗauka sai na kwashe kafin in kwanta. Abin da ya fita: 366.

Hajiya ta ce in faɗa a bidiyon cewa yadin na Japan ne. Na nemi ta nuna mini, ta ɗauko bandir ɗin da tambarinsa. Biyu daga cikin abayoyin ba daga shi aka ɗinka su ba, sai muka cire su daga wannan bidiyon. Ba ta ji haushi ba.

Litinin, 17 ga Maris

Hajiya ta cika 500. Ta tambaya ko za ta iya biyan Snapchat su tura ɗaya daga ciki a matsayin talla. Da a watan jiya ne da na ce bismilla. Yanzu na san wannan haƙƙi ne dabam: ɗorawa a shafi abu ɗaya ne, tura muryata ga dubban mutane da kuɗi wani abu ne. Na ce riyal 100 na kwana 30. Ta ce, "'Yar nan kin fara wayo," ta tura.

Asabar, 22 ga Maris

Goman ƙarshe. Bidiyo ɗaya na dardumar salla da carbi, 200, rabi kafin, rabi bayan. Na ƙi wasu biyu. Ɗaya man shafawa ne na ƙara hasken fata, ba zan ɗora muryata a kansa ba. Ɗayan kuma lokaci ne babu, ina son dararen nan.

Masu gahawa har yau ba su amsa ba. Na daina dubawa.

Asabar, 29 ga Maris

An sanar gobe Salla. Ga lissafi.

Abin da ya shigo: 150, da 500, da 500, da 100, da 200. Jimla riyal 1,450, daga bidiyo bakwai da haƙƙin talla ɗaya. Abin da ya fita: 366. Saura 1,084. Akwai 200 da aka cinye, da kwalbar turare biyu. Kowane bidiyo yana cin kusan awa biyar daga rubutu zuwa miƙawa, ban da zaman jiran amsa. Duka bakwai ɗin da aka biya da Hausa na yi su. Na Larabci ko ɗaya bai kawo riyal ba.

Kasuwar nan ta lokaci ce, wannan yana damuna. Bayan Salla masu umra za su ragu, sai alhazai sun fara sauka a watan Mayu, kuma da yawansu Madina suke fara zuwa. Don haka a Shawwal zan rubuta wa shagunan Madina, masu dabino da masu turare, in nuna musu na Ajwa da Safawi. Farashi zai koma 300. Zan ware 400 don makirfo mara waya, saboda na yanzu igiyarsa ta fara katsewa, 300 kuma in fara ajiyar lasisi a asusu dabam, ko da zai ɗauki shekaru.

Gwaggo ta yarda in riƙa tura mata rubutu ta saurara kafin in ɗora murya, na ce zan riƙa ba ta riyal 20 a kowanne, ta ce sai dai in tara mata a dabino. Ina kuma neman wata 'yar Nijar a unguwa da za ta duba mini kalmomin da suka bambanta da na Kano. Matan Damagaram ɗin nan na Bab Makka sun ce mini wani abu game da awo da ban gane ba, na amsa musu da kai kawai.

Amare biyu da yara shida suna jiran lalle a falo, Umma tana kira.